Ido ɗaya, na'ura biyu, lamba biyu: batun auna hanyoyin jini a kewayen jijiyar gani

Akwai wani abu da yake ƙara yawa a harkar ciwon hawan jinin ido, wato gilokoma, kuma yana tada hankalin marasa lafiya ba gaira ba dalili. Ace mutum anyi masa hoton hanyoyin jinin bayan ido, wanda ake kira OCTA, a asibiti ɗaya, takarda ta fito da cewa yawan hanyoyin jini a kewayen jijiyar ganinsa kashi 52 ne cikin ɗari, bayan wata shida yaje wani asibitin aka sake, takarda tace 45. Duk wanda ya riƙe takardun nan biyu dole gabansa ya faɗi, zai ɗauka kashi bakwai ya tafi cikin wata shida kenan makanta ta kusa. Alhali mai yiwuwa ne babu abinda ya canza a idon ko kaɗan, na'urar ce kawai ba ɗaya ba. Kuma wallahi ba marasa lafiya kaɗai ba, har ma'aikata wani lokacin suna jera lambobin nan kamar awo ɗaya ne.

Toh kafin a gane dalilin bambancin sai an san me ake aunawa tukunna. Jijiyar gani ita ce igiyar da take kwashe saƙo daga tantanin bayan ido zuwa ƙwaƙwalwa, zaruruwa ne sirara wajen miliyan 1.2 suke taruwa daga ko'ina a tantanin su haɗu a wuri ɗaya su fice ta bayan ido. Wurin da suke ficewar shine kan jijiya, wani ɗan da'ira da faɗinsa bai cika kai milimita 2 ba. Kafin zaruruwan su isa wurin suna kwance ne a saman tantanin, kuma a tsakaninsu akwai wasu ƙananan hanyoyin jini dogaye miƙaƙƙu da suke bin zaruruwan kafaɗa da kafaɗa, su suke ciyar dasu. Wani likita Paul Henkind yayi bayaninsu sosai tun 1967, har aka fara zargin cewa suna da hannu a gilokoma, amma shekaru da yawa babu hanyar ganinsu da kyau a idon mai rai. Hoton da ake yi da allurar ruwan kala, wanda wasu ɗaliban likitanci biyu Novotny da Alvis suka fito dashi a 1961 a Amurka, yana nuna manyan hanyoyi da inda jini ke yoyo, amma waɗannan sirarran basa fitowa sosai, ga allura ga tashin zuciya ga wasu jikinsu baya karɓar ruwan.

Sai dabarar ɗaukar hoton ido da haske da ake kira OCT tazo. David Huang da James Fujimoto da abokan aikinsu a jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa ta a 1991, haske ake harbawa cikin ido a auna yadda yake dawowa daga kowane zurfi, sai a samu hoton tantanin kamar an yanka shi an kalli gefensa. Da ita ake auna kaurin shimfiɗar zaruruwan jijiya, wanda har yau shine babban awon da likitocin gilokoma suke dogaro dashi. Ƙarin da akayi daga baya shine OCTA, kuma dabarar tana da sauƙin fahimta: na'ura ta ɗauki hoton layi ɗaya sau biyu ko fiye a jere cikin ƙiftawar ido, duk abinda yake tsaye zai fito iri ɗaya, amma inda jajayen ƙwayoyin jini suke gudu hasken zai canza tsakanin hoto na farko da na biyu, sai kwamfuta ta ce nan akwai motsi, ta haska wurin. Ba allura ba kala, cikin 'yan daƙiƙu an gama. Kamfanin Zeiss ya samu amincewar FDA, hukumar kula da magunguna da kayan asibiti ta Amurka, a 2015, kamfanin Optovue a 2016, daga nan sauran kamfanoni suka biyo.

Anan ne nake so a tsaya da kyau, saboda duk rikicin daga nan ya taso. Na'urar bata ganin jini, kuma bata auna yawan jinin da yake wucewa a minti. Canjin haske take gani, sai lissafin da kamfani ya rubuta ya yanke hukunci cewa wannan ɗigon hanyar jini ne wancan ba ita bace, sannan a ƙirga ɗigon da suka haska a raba da duka ɗigon wurin, abinda ya fito shine kashin da kake gani a takarda. Kaga kenan lambar ta dogara da irin hasken, da saurin na'urar, da lissafin, da zurfin da aka yanka, da faɗin da'irar da aka zana, da kuma iyakar da aka saka tsakanin fari da baƙi. Kowane kamfani kuma nasa daban a duka shidan nan. Kamar mudun wannan kasuwa ne da na waccan, duka sunansu mudu, duka hatsi suke aunawa tsakani da Allah, amma idan ka auna a nan kaje ka juye a can ba zai cika daidai ba kuma ba wanda ya cuce ka.

Mu ɗauki haske da sauri. Na'urar AngioVue ta Optovue tana amfani da haske mai tsawon zango nanomita 840, tana harbi sau 70,000 a daƙiƙa, Cirrus 5000 ta Zeiss mai manhajar AngioPlex ita ma 840 ce da harbi 68,000, Spectralis ta Heidelberg ta Jamus wajen 85,000 take yi. Sai kuma ɗaya ɓangaren, Triton ta Topcon ta Japan da Plex Elite 9000 ta Zeiss, su haskensu ya kai 1050 zuwa 1060 kuma suna harbi 100,000 a daƙiƙa. Dogon zangon nan yana da amfani guda uku da ake gani a aikace, yana ratsa yanar ido mara kauri sosai fiye da gajeren, kuma yana nutsawa ƙasa ya wuce shimfiɗar launi ta bayan ido ya hango abinda yake can ciki, sannan mara lafiya baya ganin layin hasken yana yawo balle idonsa ya riƙa binsa. Amma don na'ura tafi nutsawa ba yana nufin tafi iya ƙirga ƙananan hanyoyin saman ba, waɗannan a sama suke, duka na'urorin suna kaiwa garesu. Saurin ma yana da wani tasiri da mutane basa lura dashi, tazarar lokacin da ke tsakanin hoto na farko da na biyu ita ke yanke ko za'a ga jinin da yake tafiya a hankali. Idan tazarar tayi gajarta sosai, ƙwayar jinin da take jan jiki bata matsa ba tukunna, sai na'ura ta ɗauka babu hanya a wurin, idan kuma tayi tsawo sai motsin idon kansa ya shigo ya ɓata hoto. Don haka hanyar jini ɗaya zata iya fitowa a wannan na'ura ta ɓace a waccan.

Lissafin kuma kowa da nasa sunan. Na Optovue shine SSADA, Yali Jia da David Huang suka fito dashi a 2012 a jami'ar lafiya ta Oregon a Amurka, yana yayyanka hasken zuwa gida-gida ya duba canjin ƙarfinsa a kowane gida sannan ya haɗa, wannan yana rage hayaniyar da bugun zuciya yake jawowa amma ana biya da raguwar kaifin hoto ta wajen zurfi. Na Zeiss shine OMAG wanda ya fito daga aikin Ruikang Wang, shi baya tsayawa a ƙarfin haske kaɗai yana haɗawa da yadda zangon hasken ya goce. Topcon tana da OCTARA mai kwatanta hotunan ta hanyar rabo ba tare da yanka hasken ba, Heidelberg kuma nata yana lissafa yiwuwar cewa ɗigo kaza motsi ne ko tsayayye ne. AngioVue sau 2 take maimaita kowane layi amma tana ɗaukar hoto a kwance da a tsaye ta haɗe su don gyara motsi, Triton sau 4, Spectralis ta kan kai 5 zuwa 7 kuma tana bin ido sosai tana komawa duk inda aka yi ƙifta, shi yasa hotonta yake fita tsaf amma tsoho mai hawaye ko wanda baya iya tsaida ido zai sha zama a gabanta.

A ganina ma duk waɗannan basu kai batun yanka da da'ira girma ba, kuma shine abinda ba'a cika faɗa ba. Na'ura tana ɗaukar ido ne da kaurinsa duka, sai manhaja ta zaɓi daga ina zuwa ina za'a matse a fito da hoto ɗaya. Ana son a yanka daga fuskar tantani zuwa ƙarshen shimfiɗar zaruruwa, amma a ina shimfiɗar ta ƙare? A lafiyayyen ido layin a fili yake, a idon da gilokoma ta cinye kuwa shimfiɗar tayi siriri har manhaja tana kuskure ta zarce ƙasa ta kwaso hanyoyin jinin da ba na wurin ba, sai lamba ta fito da kyau fiye da gaskiya, a daidai mutumin da yafi buƙatar gaskiyar. Wasu na'urorin ma ba shimfiɗar zaruruwa zalla suke yankawa ba, suna haɗawa da ta ƙasanta. Sai da'ira. AngioVue da Cirrus duka suna ɗaukar fili mai milimita 4.5 ta kowane gefe a kan jijiya, amma tsohuwar manhajar AngioVue tana zana zobe mai faɗin maikiron 750, wato kashi uku cikin huɗu na milimita ɗaya, daga bakin kan jijiyar, sabuwar ta koma zobe tsakanin milimita 2 da 4, Cirrus kuma zobenta ya kai 4.5 a waje. Hanyoyin nan sun fi cunkoso a kusa da jijiya suna raguwa idan anyi nisa, don haka duk wanda ya faɗaɗa zobe lambarsa zata sauka ko da idon lafiya lau yake. Ga kuma manyan jijiyoyin jini da suke fitowa ta tsakiyar kan jijiya, suna cin fili mai yawa kuma gilokoma bata cika taɓa su kamar ƙananan ba, tsohuwar manhaja tana ƙirga su, sabuwa tana iya cire su ta bada lambar ƙananan zalla. Kaga kenan ko kamfani ɗaya ne, na'ura ɗaya a ɗaki ɗaya, idan injiniya yazo ya sabunta manhaja lambar bara da ta bana sun daina zama abu ɗaya.

Har sunan abinda ake bugawa a takarda ba ɗaya bane. Wata na'urar filin da hanyoyin suka rufe take bayarwa a kashi cikin ɗari, wata hanyar lissafin kuma sai an mayar da kowace hanya siririn layi a auna jimillar tsawonsu, wanda hakan yake rage rinjayen manyan jijiyoyi. Cirrus tana ƙara wata lamba ta biyu da take nuna ƙarfin hasken motsin. Masu bincike da yawa da suke aiki da Spectralis ko Triton fitar da hoton suke yi su saka a manhajar ImageJ su ƙirga da kansu, kuma a can akwai hanyoyi barkatai na raba fari da baƙi, Otsu da Phansalkar da Niblack da sauransu, hoto ɗaya tak idan ka canza hanyar sai lambar ta yi tsalle. A 2018 wasu likitoci a Milan ta Italiya sun saka mutane masu lafiyar ido a gaban na'urori bakwai daban-daban suka auna tsakiyar tantani, sakamakon shine lambobin basa musanyuwa, kuma abinda ake ta samu kenan a kewayen jijiya ma idan aka gwada: kowace na'ura idan ta maimaita kanta tana dawo da kusan lamba ɗaya, amma tsakaninta da 'yar uwarta akwai rata, kuma ratar ba tsayayya bace da za'a ce a ƙara kaza a cire kaza a huta, tana faɗaɗa ko ta tsuke gwargwadon lalacewar idon.

Kar wani ya fahimce ni cewa awon bashi da amfani, yana da shi sosai. A 2016 ƙungiyar Robert Weinreb a San Diego ta Amurka sun auna da AngioVue, a zoben kewayen jijiya masu lafiya suka samu kashi 64.2, waɗanda ake zargi 60.3, masu gilokoma 55.1, kuma yawan hanyoyin jini na hoton gaba ɗaya ya iya bambance mai ciwo da mara ciwo kusan daidai da awon kaurin zaruruwa. Amma lura, 64 ɗin nan na tsohuwar manhaja ne da manyan jijiyoyi a ciki, a sabuwar lafiyayyen ido wajen 50 da 'yan kai yake bayarwa, a Cirrus kuma wajen 45. Wanda ya karanta 55 a matsayin lambar ciwo sannan ya ga 45 a takardar Cirrus ta mutum mai lafiya ai zai ce ya makance. Inda awon yafi burge ni shine a ciwon da yayi nisa. Kaurin zaruruwa yana da ƙasan da baya wucewa, idan ya sauka zuwa wani mataki sai lambar ta tsaya cak saboda abinda ya rage ba zaruruwa bane, sauran nama ne da jijiyoyin jini, alhali gani yana cigaba da tafiya. Yawan ƙananan hanyoyin jini kuwa yana cigaba da sauka bayan nan, don haka yana iya nuna cewa ciwo bai tsaya ba a lokacin da ɗayan awon yayi shiru.

Wannan kuwa ya shafe mu kai tsaye. Babban binciken makanta na ƙasa da akayi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kusan kashi 5 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da gilokoma, waɗanda suka san suna da ita basu kai kashi 6 cikin ɗari na masu ciwon ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Gilokoma ce ta biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido. Wato mutanenmu a makare suke zuwa, a daidai matakin da awon kauri ya daina magana. Sai dai kuma a matakin nan ne hoton yafi wuyar fita, mutum baya ganin ɗigon da akace ya kalla, ido yana yawo, ga yanar ido ta fara rufewa, ga bushewar ido musamman lokacin hunturu da ƙura. Duk abinda ya rage hasken da yake shiga yana sauke lambar, saboda ƙananan hanyoyin sune farkon ɓacewa idan sigina tayi rauni. Kowace na'ura tana buga makin ingancin hoto, Cirrus daga 0 zuwa 10, Triton zuwa 100, Spectralis kuma da wani ma'auni nata daban, kuma 7 ɗin wannan ba 70 ɗin waccan bane. Mutumin da aka cire masa yanar ido aka sake hoto sai kaga lamba ta hau, ba sabbin hanyoyin jini ya tsiro ba, hanya ce ta buɗe wa haske.

Akwai kuma jikin mutum da kansa. Wanda baya hango nesa ƙwayar idonsa tafi tsawo, sai filin da na'ura take cewa milimita 4.5 ne a gaskiya yafi haka faɗi a idonsa, zoben ya faɗa nesa da jijiya inda hanyoyin suka yi ƙaranci, lamba ta sauka, sai an auna tsawon idon anyi gyara da lissafi, kuma yawancin na'urori basa yin wannan da kansu. Baƙar fata a jimlace kan jijiyarmu yafi na Turawa faɗi, toh zobe mai tsayayyen girma ba wuri ɗaya yake faɗawa a kan babbar jijiya da ƙarama ba, kuma ƙungiyar San Diego ɗin nan da suka kwatanta sun ga awon ƙananan hanyoyin baya bambance ciwo a 'yan asalin Afirka da kyau kamar yadda yake yi a 'yan asalin Turai. Wannan kaɗai ya isa asibitocinmu na koyarwa da Cibiyar Ido ta Ƙasa dake Kaduna su tara nasu lambobin na lafiyayyun idanun mutanenmu, kuma na kowace na'ura daban, maimakon a ɗauko na wata ƙasa da wata na'ura a ɗora mana. Ciwon suga da hawan jini na jiki suma suna taɓa ƙananan hanyoyin nan ko babu gilokoma, shekaru ma suna rage su a hankali, har kofi an gwada an ga yana tsuke hanyoyin jinin ido na ɗan lokaci bayan an sha, kuma sinadarin da yake cikin kofi shine a cikin goro.

Tambayar da ake yawan yi ita ce toh wacce tafi? Ni dai bana ganin tambayar a haka take da amsa. Idan asibiti yana son lamba a take a takarda don bin marasa lafiya da yawa, AngioVue da Cirrus sun daɗe da manhajar ƙirga a ciki kuma akansu akafi yin bincike. Idan ana son leƙa can ƙasa ne masu dogon zango sun fi, kuma akwai dalilin son leƙawar, domin asalin kan jijiyar ba daga waɗannan hanyoyin saman yake shan jini ba, daga wasu gajerun jijiyoyi ne da suke shigowa ta bayan ƙwayar ido, kuma likitoci a Koriya ta Kudu sun nuna cewa a wasu masu gilokoma akwai gurbin da jini ya ɗauke gaba ɗaya a shimfiɗar ƙasa dab da jijiya, kuma irin waɗannan idanun sun fi saurin lalacewa. Amma ko a nan manyan jijiyoyin sama suna jefa inuwa da hoton bogi a kan na ƙasa, kowace manhaja da yadda take gogewa. Har yanzu kuma masana suna muhawara ko ƙarancin jini ne yake kashe zaruruwan, ko kuwa zaruruwan ne suke mutuwa sai hanyoyin da suke ciyar dasu su rufe don babu mai buƙatarsu, hoto na rana ɗaya bazai raba wannan gardama ba.

Abinda nake roƙon masu ciwon nan da masu kai iyayensu asibiti shine a duba saman takarda a ga sunan na'urar, a ajiye takardun duka kar a yar, kuma idan da hali a riƙa komawa wuri ɗaya don bibiya. Idan dole aka canza asibiti a gaya wa likita cewa na baya da na'ura kaza akayi, shi kuma ya ɗauki hoton farko na sabon wurin a matsayin sabon mafari. Ma'aikacin da yake ɗaukar hoton ya saka wa mara lafiya ruwan jiƙa ido idan ya bushe, ya duba layin yankan da idonsa kafin ya buga, hoton da yake da tsage-tsage ko makinsa yayi ƙasa a sake shi. Asibitin da zai sabunta manhaja ko ya sayi sabuwar na'ura ya rubuta ranar a fayil, kuma ya ɗauki wasu marasa lafiya a tsohuwar da sabuwar a rana ɗaya kafin a ajiye tsohuwar. Kuma kar a ƙara wa mutum magani ko a tura shi tiyata akan wannan lambar ita kaɗai, sai an haɗa da awon matsin ido, da duban kan jijiyar, da kaurin zaruruwa, da gwajin faɗin gani.